Ƙasusuwan Tendaguru a Tsakiyar Berlin

Gidan tarihin halittu na Berlin yana kan titin Invalidenstrasse. Tsohon gini ne da aka buɗe a 1889, kuma daga waje babu abin da zai nuna maka irin abin da ke ciki. Ka sayi tikiti, ka ajiye rigar sanyi, ka yi 'yan taku kaɗan, sai ga ka a wani babban zaure mai rufin gilashi, a gaban ƙafafun wata dabba. Ƙafafun za ka fara gani, domin sauran jikin yana sama. Sai ka ja da baya ka ɗaga kai, ka bi ƙirji, ka bi wuya yana ta hawa, kafin can kusa da rufi ka hango ɗan ƙaramin kai. Daga ƙasa zuwa kan nan mita 13.27 ne, kuma da wannan awo littafin Guinness ya sa shi a matsayin ƙwarangwal ɗin dainoso mafi tsayi da aka harhaɗa aka tsayar.

Sunan dabbar Giraffatitan brancai. An daɗe ana kiranta Brachiosaurus, har yanzu ma da wannan sunan yawancin Jamusawa suka san ta, amma masana sun raba ta da 'yar uwarta ta Amurka, musamman bayan nazarin da Michael Taylor ya wallafa a 2009. Ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa gadon bayanta ya gangara daga kafaɗa zuwa wutsiya. Ƙashin damtsenta kaɗai ya haura mita 2. Na tsaya daf da ƙafar gaba, kaina bai kai gwiwarta ba. Daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ta haura mita 22, nauyinta kuwa masu ƙiyasi sun sha bamban, daga tan 23 zuwa kusan 40. Kuma wai duk da haka ba ta gama girma ba lokacin da ajali ya same ta, domin akwai ƙasusuwan kafaɗa da ke haɗewa idan dabba ta manyanta, nata ba su kai ga haɗewa ba.

Wuyan ne ya fi ɗaure mini kai. Raƙumin dawa, duk tsawon wuyansa, gaɓoɓi 7 ne a ciki, daidai da na mutum. Wannan tana da 13, wasu sun kai mita guda. Ta yaya dabba za ta ɗaga irin wannan kaya ta yini da shi? Amsar tana cikin ƙashin. Idan ka dubi gaɓar wuyan da kyau za ka ga duk ramuka ne da siraran bangaye, kamar saƙar zuma, kuma a lokacin da take raye jakunkunan iska ne da suka taso daga huhu suke cike ramukan, yadda yake a jikin tsuntsaye har yau. Ga ƙarfi, ga rashin nauyi. Kan da ke can sama kwafi ne, na ainihin yana ƙasa cikin akwatin gilashi inda mutum zai sunkuya ya dube shi ido da ido. Na daɗe a wurin. Ƙoƙon kan kusan duk tagogi ne, da wani siririn ƙashi da ya yi baka a saman goshi, sai haƙora jere masu faɗin baki, waɗanda aikinsu tsige ganye ne kawai. Ba ta tauna. Tsigewa take ta haɗiye, ciki ya yi sauran aikin. Da tana tauna da sai ta buƙaci manyan turame da naman muƙamuƙi, kan ya yi nauyi, wuyan ya gagara. A zamaninta babu ciyawa irin wadda muka sani, itatuwa masu fure ma ba su bayyana ba tukuna, abincinta ganyen dogayen itatuwa ne dangin waɗanda ke tsirowa a ƙasashen sanyi yanzu.

Zauren cike yake da yara 'yan firamare da malamansu. Wasu sun baje a ƙasa suna zana abin da suka gani, wasu sun yi layi a gaban wasu na'urori masu kama da madubin hangen nesa. Idan ka sa ido ka saita na'urar kan ƙwarangwal, sai ka ga kayan ciki sun bayyana, nama ya rufe su, fata ta rufe nama, dabbar ta motsa ta shiga daji tana kiwo. Wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta saki na'urar ta ruga ta kamo hannun malamarta tana ta zuba tambaya. Ban ji Jamusanci ba, amma na ga malamar ta durƙusa ta ba ta amsa a natse, har da kwatance da hannu.

Wannan dabba ta rayu ne shekara kusan miliyan 150 da suka wuce. Yana da kyau a faɗi abu ɗaya a fili, domin finafinai sun rikita mutane da yawa: dainoso ba su taɓa haɗuwa da ɗan Adam ba. Sun bayyana kusan shekara miliyan 230 baya, suka ƙare shekara miliyan 66 baya, lokacin da wani dutse mai faɗin kilomita 10 ko fiye ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meksiko, ƙura da hayaƙi suka tare rana, tsirrai suka mutu, masu cin tsirrai suka bi su, masu cin nama suka bi baya. Ƙasusuwan mutane irinmu mafi tsufa da aka samu, na Jebel Irhoud a Maroko, shekarunsu kusan 300,000 ne kacal. Kai, tazarar da ke tsakanin Giraffatitan da shahararren Tyrannosaurus ta fi wadda ke tsakanin Tyrannosaurus da mu. Lissafin nan kuma ba shaci-faɗi ba ne. Ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama, kuma kowane hawa da irin halittun ruwa da suka daskare a cikinsa. Inda aka samu tokar aman wuta a tsakani, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin dutse masu ɗauke da yuraniyom, wanda yake rikiɗa ya koma dalma a kan wani ƙa'idajjen lokaci da aka auna aka sani. Sai a duba nawa ya rikiɗa, nawa ya saura. Ni dai da na tsaya ƙarƙashin haƙarƙarin nan ina wannan lissafi, tasbihi ne ya zo bakina.

A can ƙuryar zauren, cikin wani ɗan lungu mai duhu, an ajiye wani fallen dutse bayan gilashi mai kauri. A jikinsa akwai wata halitta da ba ta fi hankaka ba, kanta ya lanƙwashe baya, fukafukanta a buɗe, shatin kowane gashi ya fito raɗau a kan dutsen. Amma tana da haƙora, tana da farata uku a kowane fiffike, da doguwar wutsiya mai ƙashi. Ita ce Archaeopteryx, an tono ta kusa da garin Eichstätt a kudancin Jamus a shekarun 1870, attajirin nan Werner von Siemens ya ba da mark 20,000 aka saye ta don kada ta bar ƙasar. Ita da waccan ƙatuwar tsararraki ne. Irin wannan shaida ce ta sa masana suka tsaya a kan cewa tsuntsaye reshe ne na dainoso da ya tsira daga halakar. Kaza da zabo da jimina duk 'yan dangi ne.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a birnin shi ya raka ni, shi ne kuma mai karanta mini allunan bayani. Da muka koma gindin babbar dabbar sai ya nuna mini wani layi ya ce, "Kawu, ka ga inda aka samo ta? Ba ta nan ba ce fa. Daga Tanzaniya aka kawo ta." Ba ita kaɗai ba. Kentrosaurus mai ƙayoyi a gadon baya, Dicraeosaurus mai gajeren wuya, Elaphrosaurus mai siraran ƙafafu, ɗan ƙaramin Dysalotosaurus, duk daga tudu ɗaya suka fito, Tendaguru, kimanin kilomita 60 daga garin Lindi da ke bakin teku a kudancin Tanzaniya. Diplodocus da ke gefe kwafi ne, kyautar da attajirin Amurka Andrew Carnegie ya yi wa sarkin Jamus a 1908. Wannan kyauta tana cikin abin da ya zaburar da Jamusawa neman nasu na ainihi, ga kuma labari ya riga ya iso daga ƙasar da suke mulka a gabashin Afirka.

A 1907 wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Bernhard Sattler ya aika da rahoton manyan ƙasusuwa da ke warwatse a saman ƙasa. Mutanen yankin sun riga sun san da su, su ne ma suka kai shi wurin. Shugaban wannan gidan tarihi na lokacin, Wilhelm von Branca, ya bi masu kuɗi ya tara gudummawa, a 1909 aka tura Werner Janensch da Edwin Hennig. Aikin ya ci gaba har 1913, a ƙarshe ƙarƙashin Hans Reck. An kwaso sama da tan 200 na ƙashi da dutse.

Shekarun nan suna da nauyi. Daga 1905 zuwa 1907 aka yi yaƙin Maji Maji a wannan yanki na kudu, lokacin da mutane suka tayar wa Jamusawa saboda haraji da noman audugar dole. Sojojin mulkin mallaka suka bi ƙauyuka suna ƙona gonaki da rumbuna, yunwa ta kashe fiye da abin da bindiga ta kashe. Ƙiyasin mamata ya kama daga 75,000 har zuwa 300,000. Shekara guda da lafawar yaƙin, a 1908, hukuma ta ayyana Tendaguru a matsayin filin da ba shi da mai shi, saboda haka mallakar gwamnati. Shekara guda bayan wannan aka fara tono. Mutanen da suka zo neman aiki a ramukan nan waɗanda suka tsira ne daga yunwa, ga kuma haraji da sai da tsabar kuɗi ake biyansa.

Turawan da ke wurin ba su taɓa wuce 'yan ƙalilan ba. 'Yan Afirka kuwa, idan aiki ya kankama, sukan kai ɗari huɗu zuwa biyar. Su ne masu shiga daji neman inda ƙashi ya leƙo, su ne masu tono, su ne masu share ƙasa daga jikin ƙashi a hankali har ya fito bai karye ba, su ne masu sa wa kowane yanki lamba don a gane mahaɗinsa. Babbansu shi ne Boheti bin Amrani. Shi ke kula da ramuka da dama a lokaci guda, yana iya duban ƙashi ya faɗi na wane sashen jiki ne, kuma ƙwarewarsa ta sa da Ingilishi suka zo nasu tonon daga 1924 shi suka sake nema. Babu mota, babu jirgin ƙasa, dabbobin dako kuma ba sa rayuwa a wurin saboda ƙudan tsando. Duk abin da ke zauren nan a kan mutane ya iso Lindi, tafiyar kwanaki a ƙasa, wani kayan a ka, wani a rataye jikin sanda tsakanin mutum biyu ko huɗu ko fiye. Daga can jirgin ruwa ya kai shi Hamburg.

Akwai wani littafi da masana tarihi huɗu suka fitar a 2018 mai suna Dinosaurierfragmente, wanda ya bi diddigin wannan aiki. Yaron ya buɗe mini hotunan da ke ciki, a nan na ga yadda aka ɗaure kayan. Filasta tana da tsada kuma daga nesa take zuwa, don haka sai aka koma ga abin da ke daji. A shafe ƙashi da laka a bar shi ya bushe. A tsaga gora a jera, a ɗaure da waya ya zama kamar ganga, a cusa busasshiyar ciyawa a ciki, a kwantar da ƙasusuwa a tsakiya. Ƙananan ƙasusuwa kuwa, irin na yatsu da gaɓoɓin wutsiya, sai a fafe ɗan kuka, a zubar da garin, a shimfiɗa auduga, a zuba su a ciki a rufe. Ɗan kuka dai, wanda yara ke fasawa a bayan gari su tsotsa. Wannan dabara ba daga Berlin ta zo ba, hannun wanda ya san daji ne. Kuma ta yi aiki, domin har yanzu akwai gangunan gora guda 40 da akwatunan katako 6 a ma'ajiyar gidan da ba a taɓa kwance su ba. A 'yan shekarun nan Daniela Schwarz da abokan aikinta suka sa su a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki irin ta asibiti, suka ga ƙasusuwan Dysalotosaurus kwance lafiya cikin 'ya'yan kuka da gwangwanaye, yadda aka jera su fiye da shekara ɗari da suka wuce.

To, sai ka zagaya ka karanta sunayen da aka raɗa wa dabbobin. Brancai, don shugaban gidan tarihi. Sattleri, don injiniyan. Hansemanni da bambergi, don waɗanda suka ba da kuɗi. Lettowvorbecki, don janar ɗin da ya jagoranci sojojin Jamus a gabashin Afirka a yaƙin duniya na ɗaya, yaƙin da 'yan dakon Afirka suka mutu a cikinsa ba adadi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2007 wani matashin masani, Kristian Remes, ya gano cewa wasu gaɓoɓin wuya da ke ajiye na wata dabba ce daban, ya sa mata suna Australodocus bohetii don tunawa da Boheti bin Amrani. Kusan shekara ɗari kenan kafin sunan ɗan ƙasa ɗaya ya shiga. Sauran ɗaruruwan, galibinsu sai dai fuskokinsu a hoto.

Ba zan rage wa Jamusawa haƙƙinsu ba. Janensch ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin ƙasusuwan nan ɗaya bayan ɗaya, an shafe shekaru fiye da ashirin ana gogewa ana haɗawa kafin a tsayar da babbar dabbar a 1937, aka kuma sake mata tsayuwa a 2007 bisa sabon ilimi. Gidan da kansa ne ya buɗe takardunsa ga masu binciken da suka tono wannan tarihi mara daɗi. Amma maganar da ake yawan yi, wai kayan sun fi tsira a Turai, tarihi bai goyi bayanta ba. Ƙasusuwan Spinosaurus na farko, waɗanda aka kwaso daga Bahariya a Masar a 1912, sun shekara kusan miliyan 95 a ƙasa lafiya, dare ɗaya na watan Afrilun 1944 bama-bamai suka mai da su toka a Munich. Shi kansa wannan gida na Berlin bam ya rusa ɓangarensa na gabas a Fabrairun 1945. Giraffatitan ta tsira, a lokacin an riga an kwance ta an sauke ƙasa.

'Yan majalisar Tanzaniya daga kudancin ƙasar sun sha ɗaga maganar a mayar musu da dabbarsu. Jamus kuwa tun 2011 ta sa ta cikin jerin kayan tarihin ƙasa da doka ta hana fitar da su. Abin da ake yi yanzu shi ne haɗin gwiwa: masana daga Berlin da na gidan tarihin ƙasa da jami'ar Dar es Salaam sun koma Tendaguru tare, abin da aka tono kuma a Tanzaniya yake zama. A Nuwamban 2023 shugaban Jamus Frank-Walter Steinmeier ya je Songea ya nemi gafara kan ta'asar Maji Maji. Ni a ganina ba ƙashi kaɗai aka ɗauke daga Lindi ba. Yarinyar nan da ta ruga wurin malamarta da tambaya, a nan ilimi ke tsira, kuma jikokin waɗanda suka yi dakon ba su samu wannan ba. Yaron Lindi da ke son ganin abin da kakansa ya ɗauko a ka sai ya nemi biza.

Da muka fito muna jiran jirgin ƙasa na cikin gari, yaron ya tambaye ni, "Kawu, mu a wajenmu babu irin waɗannan ne?" Na ce masa akwai, har ma na Nijar suna cikin waɗanda duniya ta fi ji da su. A Gadoufaoua, cikin Tenere kudu maso gabas da Agadas, Faransawa masu neman yuraniyom ne suka ci karo da ƙasusuwa, Philippe Taquet ya je a 1965, ya tono dabbar da ya sa wa suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. Ƙwarangwal ɗinta na farko an mayar da shi gidan tarihi na Yamai, na biyu yana Venice a Italiya. Daga shekarun 1990 Paul Sereno na jami'ar Shikago ya shiga yankin. Ayarinsa ne ya fito da Suchomimus mai dogon baki da ke kamun kifi, da Jobaria daga wajen Ingal, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500 da ke kiwo kai a ƙasa, da kuma ƙasusuwan Sarcosuchus, kadan da ya haura mita 9. Wurin da yau babu komai sai rairayi, shekara miliyan 110 baya manyan koguna ne. A 2022 kaɗai ayarin ya tattaro tan 55. Yarjejeniyar ita ce aro ne, za a yi nazari a Shikago a dawo da su, kuma akwai shirin gina musu gidaje a Yamai da Agadas. Wannan ya fi na Tendaguru nesa ba kusa ba, amma alkawari sai an cika yake zama alkawari, kuma 'yan Nijar ne ya kamata su riƙa tambaya.

A Najeriya kuma ƙasar Sakkwato ce. Mu Goronyo da madatsar ruwa muka san ta, da albasa da tafarnuwa. Masana halittun da kuwa sun san ta da Goronyosaurus nigeriensis, wani ƙaton ƙadangaren teku da masanan Italiya daga Florence suka ba wannan suna a 1972, bayan sun tono ƙasusuwansa a tsaunukan yankin. Shi ba dainoso ba ne, amma ya yi zamani da na ƙarshensu, yana iyo a wani teku mara zurfi da ya ratso Sahara daga arewa ya kwanta a kan ƙasar da yanzu take Wurno da Taloka da Dukamaje. Tekun ya janye ya sake dawowa bayan dainoso sun ƙare. Farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, daga ɓawon halittun wannan teku na biyu ya taru, kuma har yanzu idan aka fasa shi akan ga shatin katantanwa da kumbar ruwa a ciki.